Nana Asma'u 'yar Shehu da mazan da suka tsaya mata

Da wuya ka shiga wata unguwar Hausawa a Kudu, ko Agege ce ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, ka rasa Islamiyyar da aka raɗa wa sunan Nana Asma'u. Yara na rera sunan a kullum, amma ka tambayi babba ma wace ce ita, iyakar abin da zai ce maka 'yar Shehu ce, malama ce. Gaskiya ne, sai dai labarin ya fi haka nisa. Mace ce da ta tashi cikin yaƙi, ta yi aure cikin yaƙi, ta tsufa tana ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari. Kuma a kowane mataki na rayuwarta akwai namijin da ya buɗe mata ƙofa, alhali da ya ga dama rufewa zai yi, ba mai ce masa don me.

An haife ta a Degel cikin ƙasar Gobir a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada Hassana ko Husaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan shaƙuwarta da Bello ta samo asali, duk da ya girme ta da shekara goma sha wani abu.

Degel ba birni ba ne, ƙauyen malamai ne da makiyaya. A gidan Shehu kuwa karatu ba na maza kaɗai ba ne. Yayarta Khadija malama ce da aka san ta da fiƙihu, haka nan akwai mata masu ilimi a dangin tun kafin a haifi Asma'u. Ita ma ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun littattafai, ta iya harshe huɗu: Fulatanci, Larabci, Hausa da Abzinanci.

Kada mai karatu ya ɗauka wai haka ƙasar take a lokacin. Ba haka take ba sam. Shehu ya sha suka a kan wannan magana tun kafin a haifi 'yar tasa. Lokacin da yake yawon wa'azi, mata kan zo su saurara kamar yadda maza ke zuwa. A wani gari da ake kira Daura, wani malami daga Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa yana neman ya hana mata halartar wa'azinsa, don a ganinsa cakuɗa maza da mata fitina ce. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, ba a cakuɗa su ba, kowa da wurin zamansa, kuma ko da akwai abin tsoro a fitowarsu, barin su cikin jahilci ba su san abin da Allah ya wajabta musu ba ya fi shi muni. Abdullahi da kansa ya kawo wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

A Nurul Albab kuwa Shehu bai yi wa 'yan uwansa malamai da sauƙi ba. Ya zarge su da barin matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu babu karatu, suna amfani da su kamar kayan gida har su tsufa a yar, alhali su suna can waje suna tara ɗalibai don a ce musu manyan malamai. Ya kuma ja hankalin matan kansu da kada su yarda a ruɗe su da zancen biyayyar miji a ɓoye musu biyayyar Allah da ManzonSa. Yana da wasu rubuce-rubucen daban a kan hukuncin fitar mata da halaccin kafa musu majalisin karatu. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne waɗanda ya dosa da maganar. Bai tsaya yi wa mata faɗa ba. Maza ya fuskanta, kuma ba gama-garin maza ba, masu rawani irinsa, waɗanda yake zama da su yake cin abinci da su. Wannan ya fi wuya. Kowa na iya yi wa na ƙasa da shi wa'azi, amma ka dubi tsaranka ka ce masa abin da kake yi a gidanka zalunci ne, ba kowane namiji ke iya wannan ba.

Asma'u tana da shekara kamar goma sha ɗaya zaman ya ƙare. Tun zamanin Sarkin Gobir Nafata aka kafa dokar hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, aka hana maza rawani, aka hana mata lulluɓi. Da Yunfa ya hau, abin ya ƙara tsami, har aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana aka kama su. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu. Cikin abin da aka fi damuwa da shi a wannan tafiya akwai littattafan Shehu, waɗanda aka ɗora wa raƙuma, wani malami Ba'abzine mai suna Agali na cikin waɗanda suka taimaka.

A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta fita aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka kashe mutum wajen dubu biyu, ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Daga nan sai yawo: Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan Gwandu a 1805, inda bayan karon Alwasa abokan gaba suka biyo su har bakin gari. Ga yunwa, ga cuta. Masu ba da tarihi sukan lissafa sunayen jarumai da wuraren da aka kara, su wuce. To amma mutum dubu biyu da suka faɗi rana guda, matan aure nawa ke nan suka koma zawarawa? Marayu nawa? Wa ke nemo ruwa, wa ke daka ɗan abin da aka samu, wa ke jinyar masu rauni, wa ke wanke gawar mata? Yarinyar nan da idonta ta ga wannan duka, kuma wanda ya duba abin da ta rubuta daga baya zai gane bai taɓa fita daga ranta ba. Yayarta Faɗima, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, an san ta da ciyar da mayaƙa da baƙi, kuma da ta rasu Asma'u ta yi mata marsiyya ta ambaci wannan hidima.

A 1807, ana tsakiyar wannan hali, aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello na ƙut da ƙut. Shekara guda bayan haka, a 1808, Alkalawa babban birnin Gobir ya faɗi, aka kashe Yunfa. Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa, daga baya ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. A wannan shekarar ce kuma Hassan, ɗan tagwaicinta, ya rasu. Tana da shekara ashirin da huɗu ta rasa uba da abokin haihuwa.

Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. A nan ne nake ganin ba a yi wa Giɗaɗo adalci a tarihi. Mutum ne mai muƙami na biyu a daula, shi ke kai saƙo ƙasashen gabas, shi ke saukar da manyan baƙi. Baturen nan Kilafaton da ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826 har ya mutu a can a 1827, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Irin wannan mutum in ya ce matarsa ta ajiye alƙalami ta kula da gida, babu wanda zai ga laifinsa, ga 'ya'ya maza da ta haifa masa, ga baƙi ba dare ba rana. Bai yi haka ba. A gidansa ta yi rubutunta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, a 1820. A gidansa ta yi aikin tattara littattafan mahaifinta da tsara su bayan yaƙi da ƙaura sun warwatsa su. A gidansa ne mata daga ƙauyuka suka riƙa sauka ayari-ayari. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan baƙi, kamar yadda iyayenmu masu gidajen saukar fatake da 'yan shanu suke yi a nan Kudu, ya san nauyin da ke cikin wannan. Abinci ne, wurin kwana ne, haƙuri ne. Ba zai yiwu shekara da shekaru ba sai da yardar mai gida, ba yarda ta baki kawai ba, ta aljihu ma.

Bayan rasuwar Bello ma tare suka yi aikin adana tarihi. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da wani littafin a kan Bello da Larabci, ita kuma ta zuba labarin cikin waƙa don wanda bai iya Larabci ba ya samu rabonsa. Waƙar da ta yi a kan hijira da yaƙe-yaƙen Shehu da Fulatanci, ƙanenta Isa ne ya mayar da ita Hausa, ita ce ake kira Waƙar Gewaye. Haka nan Tabbat Haƙiƙa, wadda tsofaffinmu da yawa suka haddace, asalinta waƙar Shehu ce da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Waƙa ce mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Wato ba mata kaɗai take yi wa magana ba, har masu riƙe da gari.

Faɗuwar Alkalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Bello na hawa Abdussalami ya yi tawaye a Kware. Gobirawa da Katsinawan da suka koma Maraɗi da wasu Abzinawa ba su daina kawo hari ba, shi ya sa Bello ya riƙa gina garuruwan ribaɗi, har shi kansa ya koma Wurno da zama. A 1836 aka yi babban karo a Gawakuke, inda Bello ya ci nasara aka kashe Sarkin Gobir Ali. Kowane irin wannan yaƙi yana ƙarewa ne da abu guda: a taso ƙeyar mata da yara a kawo su garuruwan waɗanda suka ci nasara. Kada mu yi wa tarihi kwalliya, zamanin bauta ne. Mata da yawa sun shigo gidajen Sakkwato da Wurno a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai, wasunsu mazansu ne aka kashe a fagen fama. Katambale, matar Yunfa, a gidan Bello ta ƙare. Asma'u ba ta rushe wannan tsari ba, a cikinsa ta rayu. Abin da ta yi shi ne ta ƙi yarda a bar waɗannan mata a gefe kamar ba mutane ba.

Ka duba halin da suke ciki. An raba su da garinsu da danginsu. Yawancinsu Hausa suke ji, manyan gari kuwa Fulatanci da Larabci suke karatu da su. Abin da suka sani na neman sauƙi in ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori, wanda a Gobir yake da shugabarsa mace mai ƙarfin faɗa a ji, wato Inna, 'yar gidan sarauta. Sabuwar daula ta hana bori. To an hana su abin da suka sani, ba a ba su wani ba. Hanya mafi sauƙi ga masu mulki ita ce bulala. Bello da ƙanwarsa suka bi wata hanyar.

Bello ya rubuta littafi da Larabci, Kitabun Nasiha, inda ya tattaro labarin mata salihai masu ilimi tun daga matan Annabi (SAW) zuwa waliyyai mata na ƙasashen Musulmi, ya ba Asma'u ta mayar da shi waƙa. Ta yi shi da Fulatanci, sannan da Hausa a 1837, shi ne Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ba ta tsaya kan sunayen da ya ba ta ba, ta ƙara da matan jama'ar Shehu waɗanda mutane suka sani da idonsu. Ka ga Sarkin Musulmi guda, ga yaƙi a gabansa ta ko'ina, ya zauna ya yi bincike a kan mata, sannan ya san cewa in shi ya faɗa ba zai shiga inda ake so ya shiga ba, sai ya miƙa wa wadda za a saurara, ya bar ta ta yi yadda ta ga ya dace. Ba a banza ba da ya rasu a Wurno a 1837 ta yi masa marsiyya mai taɓa zuciya, ta kuma sake yin wata waƙar a kan halayensa.

Bayan rasuwarsa ne aikin da aka fi saninta da shi ya kankama, wato 'Yan Taru. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Matar aure mai ƙananan yara ba za ta iya baro ƙauye ta zo Sakkwato karatu ba. Sai Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu hankali da mutunci a garuruwansu, ta naɗa kowace ta zama jaji. Jajin za ta taho da tsofaffi irinta da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, su zo wurin Asma'u su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Karatun a waƙe yake, da Hausa ko Fulatanci, don a iya haddace shi ana daka ko ana kaɗi: sunayen surorin Alƙur'ani, tauhidi, yadda ake salla da azumi, tarihin Annabi (SAW), tsoron ranar hisabi, da zaman lafiya da maƙwabta.

Mu 'ya'yan masu harkar shanu kalmar jaji ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kalmar fatake ce, mai jan ayari. Kakanninmu da suka riƙa koro shanu a ƙasa daga Arewa zuwa Ibadan da Ikko kafin zuwan tirela sun san ba a ba kowa wannan matsayi, sai wanda ya san hanya, ya san mashaya, ya san yadda ake magana da masu gari. Wannan sunan ta ɗauka ta ba mata. Kuma tafiyar tasu ba wasa ba ce, a ƙasa ake yinta, cikin daji, a ƙasar da mahara ba su daina yawo ba.

Sannan ga wata hikima. Alamar da take ba jaji ita ce malfa da jan rawani a naɗe a kanta. Wannan kuwa irin shigar Innar Gobir ce. Matan da suka saba ganin malfa a kan shugabar bori, yanzu sai ga ta a kan malama. Ba ta ce musu duk abin da kuka taso da shi shara ne ba, ta ɗauki abin da suke girmamawa ta sauya masa ma'ana. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, inda ta taɓo damuwar da ke kai mata wurin 'yan bori: ciwo, naƙuda, tsoro, talauci, kariyar yara. Da Larabci ta yi shi, ma'ana malamai take so su karanta, su san cewa in mace ta zo da irin wannan kuka akwai abin da za a ba ta, ba kora ba.

Akwai wani gefe na wannan labari da ba a cika faɗa ba. Kowace yarinya da ta bi jaji zuwa Sakkwato tana da uba. Kowace tsohuwa tana da miji ko ɗa ko ƙane. Kowace matar kulle da jaji ta shiga ɗakinta ta koya mata karatu tana da mai gida wanda ya bar ƙofar a buɗe. Waɗannan mazan ƙauye babu wanda ya rubuta sunayensu, amma da sun ƙi, da 'Yan Taru ba ta yi shekara biyu ba. Me ya sa suka yarda? A ganina saboda an riga an share fage. Shehu ya faɗa ya rubuta, Abdullahi ya kare, Bello ya sa hannu, Waziri ya ba da gidansa. Talakan da zai hana 'yarsa sai ya rasa hujjar da zai kawo, tunda ba zai ce ya fi Shehu sanin addini ba. Ita ma Asma'u ta san mutanenta. Da ta ce matan aure matasa su riƙa fitowa, da rigima ta tashi a kowane gida. Ta zaɓi waɗanda fitarsu ba za ta tayar da ƙura ba, karatun kuma ya isa inda take so.

Matan ba hannu sake suke zuwa ba. Sukan kawo sadaka, hatsi, zuma, man shanu, zane, ita kuma ta raba wa mabuƙata, makafi da guragu da zawarawa da marayu. Ana kuma horar da su kan hidimar jama'a, jinyar mara lafiya, taimakon mai haihuwa, wankan gawa, sulhunta masu faɗa. Abin da ya fi burge ni cikin rubuce-rubucenta, waɗanda suka kai wajen sittin, shi ne mutanen da ta zaɓa ta yi wa marsiyya. Ta yi wa sarki da waziri da manyan malamai, gaskiya ne. Amma ta yi wa Hauwa'u, wata jajinta da ta yi shekaru tana kai da kawo da ayarin mata. Ta yi wa Zaharatu, mai zuwa wurin naƙuda da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ba 'ya'yan sarauta ba ne, ba don ita ba da babu mai jin sunansu yau. Aminiyarta A'ishatu kuwa, matar Bello, da ta rasu, kukan da Asma'u ta yi a waƙa ya nuna tsufa da rashin abokan tafiya sun fara taɓa ta.

'Yan uwa mazauna Kudu, wannan labari bai yi mana nisa ba. Mun ga Shagamu a 1999, mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Duk lokacin da irin wannan ta faru, in ƙura ta lafa, ana kiran taro a fadar sarkin Hausawa ko a masallaci, a zauna da shugabannin 'yan gari da jami'an tsaro. Shugabannin kara suna nan, na 'yan gwari suna nan, na direbobi suna nan. A lissafa shaguna nawa suka ƙone, buhu nawa, shanu nawa. Mai tuwo da aka fasa wa tukwane, mai fura da ta gudu ta bar ƙwaryarta, matar da aka kashe wa miji ta rasa kuɗin motar komawa gida da yara biyar, su ba sa cikin lissafi, don babu wanda ya tambaye su, kuma babu mace ko ɗaya a wurin da za ta tuna da su. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Alhali kuwa su ne suka fi mu sanin matan 'yan gari, tare suke a bakin famfo da asibitin haihuwa da layin niƙa, sau da yawa ma sun fi mu jin yaren. Haka nan yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata tallar goro ko aka tura ta gida aure don gari ya rikice, ba ta da wanda zai yi magana a madadinta sai in wani namiji a cikin taron ya buɗe baki. A unguwanninmu akwai dattijai mata da kowa ke jin maganarsu, masu Islamiyyar dare, ungozomomi, shugabannin adashi. Jajojin a shirye suke, malfar ce ba mu ba su ba.

Giɗaɗo ya ajiye wazirci a ƙarshen rayuwarsa, ɗansu Abdulƙadir ya gaje shi, kuma daga zuriyarsu ake ta naɗa wazirin Sakkwato, har zuwa kan Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya adana rubuce-rubucenta da yawa a gidansa, ya kuma buɗe su ga masu bincike, cikinsu har da Baturiyar nan Jean Boyd da ta rubuta tarihinta. Wani namijin ke nan a jerin, jika na nesa wanda bai bar takardun kakarsa sun ruɓe a cikin adaka ba.

Bayan rasuwar mijinta Asma'u ba ta ja da baya ba. Ta ga zamanin Atiku, ta ga na Aliyu Babba ɗan Bello, ta ga na Ahmadu ɗan Atiku. Sunanta ya kai har ƙasar Shingiɗi, Muritaniya ta yau, wani malami daga can ya yi musayar wasiƙa da ita. A Sakkwato ana kiranta Uwar Gari. Tana da shekara kusan saba'in tana ci gaba da rubutu da Hausa, Dalilin Samuwar Allah a 1861 ta yi shi. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryam, wadda ita ma 'yar Shehu ce da ya haifa da Mariya, ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma 'yarta Ta Modi ta ɗora. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, amma ayarin mata bai daina zuwa ba. Har cikin ƙarni na ashirin masu bincike sun tarar da jajoji a ƙauyukan Sakkwato da malfarsu, suna rera waƙoƙin da ta koyar.